Yatsu ne ke jifa: zare a kan kurket da yaran Zurmi

1/ Yau zaren namu mai ɗan tsawo ne, a yi haƙuri da ni. Zan yi magana a kan wasan kurket, musamman yadda ake riƙe ƙwallo da yadda ake sakinta. Na san har wasu sun fara dariya, wai ɗan Zurmi da kurket. To ku karanta har ƙarshe tukuna, in ma zagi ne a zage ni da hujja. 🧵

2/ Ga ra'ayina tun daga farko, don kada a ce na yi ta kewaye-kewaye. A kurket yatsu ne ke jifa, ƙwanji rakiya kawai yake yi. Kuma yaranmu na Zurmi, Moriki, Dauran, Gurbin Ɓaure, har Shinkafi da Ƙauran Namoda, sun riga sun mallaki irin waɗannan yatsun. Wanda zai ɗora musu ƙwallo a hannu ne babu.

3/ Ni ban taɓa ganin kurket da idona ba sai da na shiga jami'a. Wata yamma ina dawowa daga lakca na ga wasu sun kafa sanduna uku a fili, ɗaya na rugowa yana jifa, ɗaya na karewa da faffaɗan katako. Na tsaya ina kallo, a raina na ce ai wannan jifan mangwaro ne aka sa wa farin kaya.

4/ Kocinsu ya ga na daɗe a tsaye, ya miƙo mini ƙwallo ya ce in gwada. Na damƙe ta a tafin hannu kamar zan jefi kare, na rugo na saki da iya ƙarfina. Wallahi ko kusa da sandunan ba ta je ba, ta bi ta saman kan mai bugu. Aka yi ta dariya, ni ma na taya su.

5/ Kocin bai yi dariya ba. Ya kama hannuna ya buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya zaro ƙwallon daga tafin hannu ya mayar da ita kan yatsu. Ya ce: "Ɗalibi, ƙarfinka na nan, ba wanda zai ƙwace maka shi. Amma ƙwallo ba ta jin maganar kafaɗa, maganar yatsan da ya taɓa ta a ƙarshe take ji." Har yau wannan maganar nake bi.

6/ Ga waɗanda ba su san wasan ba, a gurguje. Mai jifa yana jefa ƙwallo daga nisan yadi 22, kusan mita 20. Burinsa ya kayar da sanduna ukun da ke bayan mai bugu, ko ya sa shi ya buga ta sama a cafe. Jifa shida shi ne zagaye ɗaya, sai wani ya karɓa daga ɗaya gefen. Galibi ƙwallon sai ta daki ƙasa sau ɗaya kafin ta isa.

7/ Ita ƙwallon kanta fata ce aka lulluɓe wani abu mai tauri da ita, nauyinta wajen giram 156 zuwa 163 a wasan maza, ta mata ta ɗan fi sauƙi. A tsakiyarta akwai ɗinki mai tudu, layi shida, ya zagaye ta kamar ɗamara. Ku riƙe wannan ɗinkin a ranku, don duk rigimar wasan a kansa take.

8/ Riƙo na farko, na masu jifa da gudu. Manuniya da dogon yatsa su hau saman ƙwallo, ɗaya a kowane gefen ɗinkin, kusa da juna. Babban yatsa ya zauna a ƙasa, a kan ɗinkin. Yatsan zobe ya lanƙwashe ya tallafe ta a gefe. Ƙaramin yatsa ba ruwansa, ɗan kallo ne.

9/ Abu mafi muhimmanci a nan: a bar rata tsakanin ƙwallo da tafin hannu. In ka ɗaga hannunka ya kamata a hango haske ta wurin. Da zarar ta nutse a tafi, wuyan hannu ya mutu, ba zai iya yin wannan ɗan fizgar ta ƙarshe ba. Kuskuren da na yi ranar farko kenan, kuma shi kusan kowane sabon shiga ke yi.

10/ Kada kuma a matse ta. Riƙon ƙwai ake yi mata: ba za ta faɗi ba, ba za ta fashe ba. In ka ga jijiyoyin bayan hannunka sun tashi tun kafin ka fara gudu, to ka riga ka ɓata jifan. Hannun da ya ƙage ba ya saki a kan lokaci, ko ya riga ko ya makara.

11/ Sai sakin. Hannu ya zo ta sama kusa da kunne, wuyan hannu na tsaye a bayan ƙwallo, tafi na kallon mai bugu. Babban yatsa ne ke fara barinta. Sai ta gangara ta kan manuniya da dogon yatsa, su ja ta ƙasa kamar mai shafa bango. Wannan jan shi ke sa ta tafi tana juyawa da baya.

12/ Me ya sa ake son juyin baya? Shi ke riƙe ɗinkin a tsaye a cikin iska, kamar yadda garen taya ba ya faɗuwa muddin yana gudu. In ɗinkin ya sauka a tsaye ya daki ƙasa, ƙwallon na iya ɗan kaucewa hagu ko dama, shi kansa mai jifan bai san ina za ta bi ba, balle mai bugu.

13/ In kuma kana son ta karkata tun tana sama, sai ka ɗan juya ɗinkin ya kalli ɓangaren da kake son ta bi, yatsunka na nan inda suke. Shi ya sa za ku ga 'yan wasa suna ta goga gefe ɗaya a wando. Gefe ɗaya sumul, ɗaya kaushi, iska ba ta bin su daidai, sai ƙwallon ta zame zuwa gefen kaushin.

14/ Da can har yawu ake shafawa don gefen ya yi sheƙi. Lokacin korona a 2020 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta hana, daga baya a 2022 ta mayar da hanin na dindindin a wasanninta. Na kawo wannan ne don ku ga yadda ƙaramin abu, ɗigon yawu, ke sauya tafiyar ƙwallo.

15/ James Anderson na Ingila ya yi ritaya a 2024 da fitar da masu bugu 704 a manyan wasannin kwana biyar, yana da shekara 41. Akwai waɗanda suka fi shi gudun ƙwallo nesa ba kusa ba, an manta da su. Abin da ya riƙe shi sama da shekara 20 shi ne wuyan hannu da ɗinki a tsaye. Ku nemi bidiyonsa da aka rage wa gudu ku kalli yatsunsa kawai.

16/ Yanzu ga inda nake son zuwa, wato masu murɗa ƙwallo. Su ba su rugowa, taku kaɗan suke yi. Ƙwallonsu na tafiya a hankali, ka ce ko yaro zai buge ta. Sai ta daki ƙasa ta canza hanya kamar an kira ta. Kashi biyu ne: masu murɗawa da yatsa da masu murɗawa da wuyan hannu.

17/ Murɗin yatsa: a ware manuniya da dogon yatsa sosai, su gitta ɗinkin maimakon su bi shi. Babban yatsa kusan ba ya aiki. Wajen saki manuniya ce ke jan ɗinkin, hannu ya juya kamar mai murɗa makulli a kwaɗo. In na-dama ne ya jefa, za ka ga ta daki ƙasa ta koma daga hagunsa zuwa damansa.

18/ Murɗin wuyan hannu ya fi wuya. Yatsu biyu a sama, biyu a lanƙwashe a gefe. Nan yatsan zobe ne sarki, shi ke fizgar ɗinkin yayin da wuyan hannu ke juyewa, ƙwallon ta fita ta wajen ƙaramin yatsa. Tana dira sai ta bi daga dama zuwa hagu. Wanda ya iya shi kuma zai iya juya bayan hannunsa ya aika ta ɗaya gefen ba tare da mai bugu ya lura ba.

19/ A 1993 a Manchester, Shane Warne na Ostareliya ya yi wa Mike Gatting wani jifa da har yau ake kira jifan ƙarni. Ƙwallon ta dira can wajen ƙafafun Gatting, ta murɗe ta wuce gabansa ta taɓa sandar da ke ɗaya ƙarshen. Mutumin ya tsaya yana kallon ƙasa, bai gane abin da ya faru ba. Yatsan zobe ne ya yi wannan aikin.

20/ Warne ya ƙare da 708. Muttiah Muralitharan na Sri Lanka ya ƙare da 800 cif, ba wanda ya kamo shi. Wato mutum biyun da suka fi kowa fitar da masu bugu a tarihin wasannin kwana biyar duka masu murɗi ne. Ba ɗayansu da ya dogara da ƙarfin damtse. Ku riƙe wannan, mu koma gida.

21/ Tambaya ga 'yan ƙauye irina: wa ya tuna katantanwa? Ka riƙe ta tsakanin babban yatsa da dogon yatsa, ka fizge, ta yi ta juyi a kan rairayi, sannan ka kife ta da gefen hannu. Wanda ya kasa ya miƙa bayan hannu a sassare shi. Mun sha wannan horon tun muna aji biyu na firamare, har yatsunmu suka yi kanta.

22/ To ku sani akwai wani jifa a kurket da ake yi daidai da haka: a matse ƙwallo tsakanin babban yatsa da dogon yatsa a fizge ta. Ajantha Mendis na Sri Lanka ya rikita Indiya da shi a 2008. Ravichandran Ashwin na Indiya ya ɗauko nasa daga wasan titi da ƙwallon tanis a birnin Chennai. Su a titi suka tsinta, mu a rairayi muka bar namu.

23/ Ku tuna kakanninmu mata wajen kaɗi. Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari sau ɗaya, ya yi ta juyi a kan tasa tana jan zare tana hira. Ba ƙarfi a ciki ko kaɗan, tsohuwa ce da ƙyar take ɗaga tulu. Ranar da na fara koyon murɗin yatsa, hannun kakata ne ya faɗo mini a rai.

24/ Sai majajjawa. Duk wanda ya yi tsaron tsuntsaye a gonar gero ya san ta. Igiya ɗaya a maƙale a yatsa, ɗaya a riƙe tsakanin babban yatsa da manuniya. Kowa na iya juya ta. Gwani shi ne wanda ya san daidai lokacin da zai buɗe yatsu. Ka riga, dutse ya tafi gonar maƙwabci. Ka makara, ya daki ƙasa a gabanka.

25/ Wannan sanin lokacin saki shi ne abin da kociyoyi ke shan wahalar koya wa yaran birni wata da watanni. Yaron da ya yi damina uku yana korar jan-baki ya riga ya haddace shi a jikinsa. 'Yan mata kuma da suka tashi da carafke, ido da hannunsu wajen cafe abu sai dai a ce masha Allah.

26/ Amma fa kada in yi muku ƙarya, akwai inda tarbiyyarmu ta jifa ke cutar da mu. Jifan dutse da muka saba, lanƙwasa gwiwar hannu muke yi mu miƙe ta da ƙarfi. A kurket wannan laifi ne. Daga lokacin da hannu ya kai daidai kafaɗa har a saki, ba a yarda gwiwar ta miƙe fiye da digiri 15 ba. Dokar ICC ce tun 2005.

27/ Ni kaina sai da na yi makonni ana tsayar da ni ana cewa "jifan dutse ne wannan, sake." Abin da ya gyara ni shi ne na daina tunanin mangwaro na koma tunanin majajjawa: hannun gaba ɗaya ya zama igiyar, kafaɗa ta juya shi a miƙe, yatsu su saki. Yaro ɗan shekara 10 zai gyaru a kwanaki. Mu da muka girma ne abin ke ba wuya.

28/ Yanzu dalilin da ya sa na zauna rubuta duk wannan. Ina da ƙane, shekararsa 13. Siriri ne, in iska ta taso sai ka ji tsoro. A filin ƙwallon ƙafa na unguwa ba a zaɓensa, in an rasa mutum a tura shi gola. Da na je hutu na tarar ya daina zuwa filin ma, sai zaman bakin kasuwa da manyan da ba sa'anninsa ba.

29/ Duk ɗan yankinmu ya san abin da zaman banza ke jawo wa yaro a wannan lokacin. Ba sai na buɗe baki ba. Mun ga 2021, aka rufe makarantun jihar, aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. Gonakin nesa sun gagara zuwa. Yaron da da yana gona da safe, makaranta da hantsi, allo da yamma, yanzu rabin yininsa fanko ne, kuma akwai masu neman irinsa.

30/ Na zo da tsohuwar ƙwallon tanis guda biyu a jaka. Na karya kara uku na kafa a bayan gida, na auna taku. Na ɗora masa ƙwallo a yatsu kamar yadda aka yi mini. Na nuna masa murɗin yatsa sau biyu kacal. Jifansa na huɗu ta dira ta juya ta wuce ni ta kayar da karan. Ya ce: "Yaya, ai wannan katantanwa ce."

31/ Baba na zaune a kan buzu yana kallonmu. Ya ce: "Kai wanga wasa na Turawa mi za shi ba shi? Shi tai shi yi karatu." Na ce: "Baba, karatun na nan, Allah shi ƙara girma. Amma tsakanin la'asar da magariba gara a san inda yake." Bai ce komai ba. Washegari na ga ya sa an share bayan gidan an kwashe duwatsu.

32/ Kafin hutu ya ƙare yara 9 ke taruwa, har da 'yan mata biyu da ke tsayawa cafe. Kafinta ya fafe mana katako daga ragowar ƙyaure. Ban ce na gano zakaran duniya ba, ban ce kurket zai kawo ƙarshen 'yan bindiga ba. Na dai san inda ƙanena yake daga la'asar zuwa magariba, kuma ya sami abu ɗaya da ya fi kowa iyawa.

33/ Na san abin da za a ce. Na ɗaya: "Ana kashe mutane kana zancen wasa." Gaskiya ne ana kashewa, na yi jana'izar waɗanda na sani. Tsaro haƙƙinmu ne a kan hukuma, ba za mu daina nema ba. Amma yaran da ke raye fa? Ba za a ajiye ƙuruciyarsu a rumbu ba sai ranar da lafiya ta samu. Suna girma yau, ko da mu ko ba mu.

34/ Ku dubi Afganistan. Kurket ɗinsu a sansanonin gudun hijira na Pakistan ya tsiro, wajen Peshawar, da yara marasa takalmi. A 2017 ICC ta ba su cikakken matsayi. A gasar duniya ta 2023 suka doke Ingila da Pakistan. A 2024 suka doke Ostareliya suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta gajeren wasa.

35/ Kyaftin ɗinsu a wannan gasar, Rashid Khan, shi ma iyayensa sun yi gudun hijira yana ƙarami. Mai murɗi ne, kuma abin da ya bambanta shi da saura shi ne da kan yatsu yake sakin ƙwallo, cikin sauri, har mai bugu ba ya iya karanta hannunsa. Yaƙi bai ƙare ba kafin su fara. Da sun jira, da har yau suna jira.

36/ Na biyu: "Wasan Turawa ne, ba namu ba." To ƙwallon ƙafa a Kwatarkwashi aka ƙirƙiro ta? Duk Ingila ce ta kawo su. Kuma kurket ba baƙo ba ne a Arewa. A Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta koma Barewa ta Zariya, ɗalibai sun yi kurket da fayif, ƙwallon nan da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango.

37/ Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk ɗaliban wannan kwalejin ne. Sardauna ya shahara da son fayif har ƙarshen rayuwarsa, kuma har yau ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi. Filin kurket mafi suna a Legas yana dandalin Tafawa Ɓalewa. Mu ne muka saki abin, ba a hana mu ba.

38/ Kuma Najeriya ba ta tsaya jiranmu ba. Samari 'yan ƙasa da 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020. Mata sun ci tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Accra a 2024. A Janairun 2025 'yan matanmu 'yan ƙasa da 19 suka doke New Zealand da maki 2 a Malesiya. New Zealand fa, ƙasar da ta fi shekara 100 tana wasan.

39/ A 2028 kurket zai dawo gasar Olamfik a Los Angeles, karon farko tun 1900. Ƙofa ce ke buɗewa, za a nemi yara a faɗin ƙasar nan. Ni dai ba na son ranar da za a zo nema a ce Zamfara ba ta da kowa, alhali yaran na nan suna murza murfin biro a ƙasa.

40/ Na uku: "Kayan wasan da tsada." Na gaske kam da tsada, ƙwallon fata, hular kwano, kariyar ƙafa, duk daga waje ake kawowa. Amma ba da su ake farawa ba. A Karachi da Lahore ƙwallon tanis suke naɗewa da salatif ɗin masu gyaran wuta su yi wasa a lungu. Haris Rauf daga irin wannan wasan ya fito, sai da ya haura shekara 20 kafin ya shiga wasan ƙwallon fata sosai.

41/ Lasith Malinga na Sri Lanka a bakin teku ya koya da ƙwallon tanis, shi ya sa hannunsa ke zuwa ta gefe kamar majajjawa. Kociyoyinsa suka bar masa salonsa, ya zama abin tsoro a duniya. Darasi ga duk mai koyarwa: ka gyara abin da doka ta hana, ka bar wa yaro abin da Allah ya ba shi.

42/ Na huɗu: "Ƙwallon ƙafa ta ishe mu." Ina son ƙwallon ƙafa, ina da kulob ɗin da ke hana ni barci. Amma wasa ne da ke tace yara da gudu da ƙirji. Siriri, gajere, mai kiɓa, mai ɗan ɗingishi, duk a gefen fili suke ƙarewa. Kurket na da gurbin kowannensu, in dai yatsu na aiki. Kuma ana yinsa da dogon wando da doguwar riga, iyayen 'ya'ya mata su lura da wannan.

43/ Roƙona ga malaman motsa jiki na makarantunmu, da girmamawa: a daina ce wa yaro "jefa da ƙarfi." Wannan kalmar ce ke sa shi damƙe ƙwallo a tafi ya lanƙwasa gwiwa. A fara da buɗe masa hannu. Mako na farko ko gudu kada ya yi, ya tsaya wuri ɗaya yana saki zuwa ga abokinsa daga taku 10.

44/ Ga atisayen da ba ya cin ko sisi. Ka zagaya ƙwallon tanis da layin biro ko salatif siriri, ya zama ɗinki. Ka kwanta rigingine ka riƙa cilla ta sama da yatsu biyu. In layin ya tafi a tsaye ba ya rawa, hannunka ya daidaita. In yana layi kamar bugagge, wuyan hannunka ya karkace. Sau 50 kafin barci.

45/ Na murɗi kuma, ka riƙa fizgar ta daga hannun dama zuwa na hagu kana zaune kana hira. Babu ƙwallo? Lemo ya yi, goruba ma ta yi. In kana yi daidai za ka ji ɗan sauti "fyat" lokacin da ta bar yatsa, kuma gefen yatsan zai fara zafi. In ya tsage a huta har ya warke, kada a yi jarumta.

46/ Gargaɗi ɗaya: yaro mai jifa da gudu kada a bar shi ya yi ta yi ba iyaka. Ƙashin bayansa bai gama ƙwari ba, kuma tsagewar ƙashin baya ciwo ne sananne a wajen matasa masu irin wannan jifan. Zagaye kaɗan, a huta, wani ya karɓa. Ƙwallon fata kuma kada a ba yara sai da hular kwano, tana iya kisa.

47/ Ga 'yan uwana ɗalibai na yankinmu, na Gusau, Sakkwato, Zariya, Kano, da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda: in akwai masu kurket a makarantarku ku je ku tsaya ko sau uku ne, ku koyi riƙon nan. In za ku gida hutu ku saka ƙwallon tanis biyu da salatif a jaka. Kuɗinsu bai kai datar da muke ƙonawa a nan muna musu ba.

48/ Ga hukumar kurket ta Najeriya da masu kula da wasanni a jiha: ba filin zamani muke roƙo ba yanzu. A horar da malaman firamare da na sakandare na kwana biyu ko uku a Gusau ko Ƙaura, a ba kowa jakar ƙwallayen roba da katako biyu. Sannan a dawo bayan zango ɗaya a ga abin da yaran suka yi da su.

49/ Jiya ƙanena ya ari waya ya kira ni. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce: "Yaya, na gano yadda ake sa ta ta bi ɗaya gefen, da yatsan zobe." Ban koya masa wannan ba, ni kaina ban iya shi sosai ba. Ya ce ƙwallo ɗaya ta fashe, ɗayar ta faɗa gidan maƙwabta akuya ta tauna. In na tashi zuwa in taho da huɗu.

50/ Nan zan tsaya. Wanda ya taɓa yin katantanwa ko majajjawa ya ɗauki lemo yau ya gwada abin da na faɗa a 17 da 18, ya dawo ya ba mu labari. Wanda ke da tsohuwar ƙwallon tanis da ba ya amfani da ita ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ƙarshen zango zan tafi gida. Allah ya ba mu zaman lafiya a Zurmi da Zamfara baki ɗaya. 🙏